Yadda ake gwada garin kiran kifi da boili wajen kamun barbel a kogunan Ingila lokacin bazara

Barbel kifi ne mai ƙarfin tsiya da ke kiwo a ƙasan kogi, inda ruwa ke gudu a kan tsakuwa. Yana da gashin baki huɗu kamar na tarwaɗa, sai dai shi jikinsa da ɓawo, kuma da gashin nan yake laluben abinci. Asalinsa a kogunan da ke gangarawa gabashin Ingila ne, irin su Thames da Trent da Great Ouse. Kogin Severn kuwa sai a 1956 aka zuba masa shi daga kogin Kennet, ya kuma yaɗu. Tunda da ƙamshi da ɗanɗano yake neman abinci, duk dabarar da za ta biyo baya kan abu guda ta tsaya, wato ka kai ƙamshi ƙasan ruwa ba tare da ka ƙosar da kifin ba.

Kafin komai, a duba doka. A Ingila da Wales an hana kamun irin wannan kifi a koguna daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, saboda lokacin zuba ƙwai ne. Ranar 16 ga Yuni ake buɗewa. Duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin fatsa daga hukumar Environment Agency, sannan ya nemi izinin ƙungiyar masunta ko mai filin da gaɓar take hannunsa.

Mataki na ɗaya: haɗa boili. Ƙananan dunƙule ne da ake kwaɓawa da ƙwai, a tafasa su har su yi tauri a waje. Masu kamun kifin carp ne suka fara da shi, don ƙananan kifaye su kasa tsattsage abincin da ke ƙugiya, daga baya masu barbel suka ara. Ka auna garin kifi gram 200, garin semolina gram 150, garin waken soya gram 100, da madarar gari gram 50. Fasa ƙwai biyar, ka ɗiga man kifi cokali guda, sai ka riƙa zuba garin kaɗan-kaɗan kana murzawa har kwaɓin ya daina manne wa hannu. Mulmula shi ƙanana, faɗin milimita 12 zuwa 15. Jefa su cikin tafasasshen ruwa na minti ɗaya da rabi zuwa biyu, ka tsame, ka shanya a kan tawul su kwana. Ka rage ɗan kwaɓi ɗanye a leda, zai yi amfani nan gaba. Wanda ba ya son wahala ya sayi na shago, amma ya zaɓi mai garin kifi. Masu ƙamshin 'ya'yan itace ni dai ban ga abin da suke ƙara wa mai neman barbel ba.

Mataki na biyu: jiƙa garin kira, wato garin da ake kaiwa ƙasan ruwa don ƙamshinsa ya jawo kifi. Nan ne mutane suka fi yin garaje. Zuba garin mai tushen kifi a roba mai faɗi, ka yayyafa ruwan kogi kana juyawa da yatsu, ka bar shi minti ashirin ya sha, sannan ka ƙara ɗan ruwa. In ka dunƙule shi a tafin hannu ya tsaya, in ka murza kuma ya warware, to ya yi. Idan ya yi laushi da yawa zai maƙale a ɗan kejin da ke kai shi ƙasan ruwa ya ƙi fita; idan ya bushe kuma ruwa zai kwashe shi tun bai kai ƙasa ba, ya ja maka kifin zuwa wurin wani. Daga nan ka zuba ƙananan ƙwayoyin abincin kifi na milimita 4 zuwa 6, da dafaffun 'ya'yan hemp (dangin wiwi ne, amma wanda shagunan kayan kamun kifi ke sayarwa ba ya sa maye), da boili biyar ko shida da ka farfasa. Farfasasshe ya fi, don ba ya gangarawa da ruwa kamar mulmulalle, kuma ƙamshinsa ya fi saurin fita.

Mataki na uku: ɗaura kaya. Sandar fatsa mai ƙwari, zare mai ɗaukar kilo biyar zuwa shida, ƙugiya lamba 10 ko 12. A saman zaren sai ɗan kejin ƙarfe mai dalma, wanda ake cusa wa garin. Gram 40 zuwa 60 ya isa a yawancin wurare, amma Trent kan nemi fiye da haka. Tsakanin keji da ƙugiya ka bar kamar mita guda, musamman in ruwa ya ja baya ya yi garau, don a irin wannan yanayi barbel kan tsaya nesa da keji yana tsintar abin da ruwa ya kawo masa. Boilin ba a soke shi da ƙugiya. A wani ɗan siririn zare ake rataye shi a bayanta, ƙugiyar ta zauna tsirara. Lulluɓe shi da ɗanyen kwaɓin nan, zai riƙa narkewa a hankali.

Mataki na huɗu: zaɓi wuri ka ciyar. Nemi tsakuwa mai tsabta tsakanin ciyayin ruwa, ko ƙarƙashin reshen da ya sunkuyo, ko inda ruwa mai sauri ya haɗu da mai sanyin tafiya. Jefa keji cike sau biyar ko shida a wuri guda, ka tsaya rabin sa'a ba ƙugiya a ruwa. Wannan jiran yana da ban haushi, amma kifin da ya fara ci hankali kwance ya fi sauƙin kamu. Bayan nan ka riƙa sabunta keji kowane minti ashirin. Yamma liƙis zuwa bayan faɗuwar rana ne lokacin da ya fi, sai kuma ranar da ruwan sama ya ɗaga kogin ya gurɓata shi. Kada hannunka ya yi nisa da sanda, don barbel in ya ɗauka fizga yake yi, yana iya tafiya da ita.

Mataki na biyar shi ne gwajin kansa. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda. In izininka ya yarda da sanda biyu, sa boili iri biyu a kan gari ɗaya, kuma bayan sa'a guda ka musanya musu wuri, in ba haka ba ba za ka san ko boilin ne ya yi aiki ko wurin ba. Wata rana kuma ka riƙe boili ɗaya ka canza garin: yau mai hemp da yawa, gobe mai ƙwayoyi zalla. Rubuta tsayin ruwa da launinsa da lokacin da kifi ya ci. Fita ɗaya ba ta isa yanke hukunci ba. In kifin chub ya dame ka da sata, ƙara girman boili. In kirefish 'yan asalin Amurka (halittun ruwa masu ƙafafun damƙa irin na ƙaguwa) ne ke gwaguye shi, yi amfani da wanda ya sha iska kwana da yawa ya ƙeƙashe, ko ka tashi daga wurin.

Saura kula da kifin, domin a can ba a kai shi tukunya, mayar da shi ake yi da rai. Barbel yakan yi kokawa har ƙarfinsa ya ƙare, ga shi ruwan bazara ba shi da isasshiyar iska. Bar shi ya huta cikin raga a ruwa kafin ka cire ƙugiya, ka ɗora shi a jiƙaƙƙiyar shimfiɗa mai laushi, ka gama da sauri. Wajen saki, riƙe shi kansa na fuskantar inda ruwa ke zuwa, kada ka sake shi sai ya miƙe ya fara bugun hannunka da wutsiya. Idan zafin ruwa ya haura digiri 20, masunta da yawa sukan naɗe kayansu su jira a yi ruwan sama.