Yadda ake gane ko rarar wutar solar unguwa ta gaske ce, kuma za ta ɗore

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, rufin gidajen Kaduna ya fara canza kama. Da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A (waɗanda aka yi wa alkawarin wuta awa 20 a rana) zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, sannan Arewa ta shafe fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban shekarar bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai abin ya zama rububi. Daga Malali zuwa Barnawa, daga Unguwar Rimi zuwa Millennium City, farantan sola ne ko'ina. Yanzu har akan ji dillalin gidaje ko shugaban kwamitin unguwa yana bugun ƙirji cewa wutar da suke samarwa ta fi wadda suke sha.

Hakan mai yiwuwa ne. A birnin Freiburg na Jamus akwai rukunin gidaje 59 da aka gina musamman don su samar da wuta fiye da buƙatarsu. Sai dai can layin gwamnati a kunne yake dare da rana, yana karɓar rara yana biyan kuɗinta. Mu nan lissafin daban ne, don haka ga yadda kwamitin unguwa, ko mai shirin sayen gida, zai bi ya tantance.

Mataki na farko, ku shata iyaka. Gida nawa ne a cikin lissafin? Ku sa masallaci, Islamiyya, fitilun layi, rijiyar burtsatse da shagunan bakin titi. Da yawa daga masu cika baki da rara sun cire mai walda da mai injin markaɗe daga lissafi ne, alhali a unguwar suke, kuma janaretonsu ne ke hana mutane barcin rana.

Na biyu, ku gano abin da ake sha. A nan aka fi yin tuntuɓe. Katin mita ba ya faɗin gaskiyar buƙatar gida, yana faɗin abin da aka sha ne a sa'o'in da NEPA ta ga dama ta kawo. Gidan da ke samun wuta awa shida a rana zai nuna kamar ba ya cin komai. Don haka ku haɗa abubuwa uku: yunit ɗin da ake saya a wata, litar fetur ko gas da ake zuba wa janareto, da kuma abin da mutane suka haƙura da shi saboda babu wuta. Ƙaramin janareto da wuya ya ba ka yunit 2 daga litar fetur guda, to da wannan za ku juya lita zuwa yunit. Abin da aka haƙura da shi kuwa sai an shiga gida-gida an tambaya, kuma matan gida za a tambaya, don su suka san firizar da aka mayar ma'ajiyar tukwane da dutsen gugar da aka jingine aka koma na gawayi. Ranar da wuta ta tsaya, duk waɗannan za su farka, wani ma ya ƙaro na'urar sanyaya ɗaki.

Na uku, ku auna abin da rufin ke bayarwa, wata-wata, ba jimillar shekara ba. Lambar da ke rubuce a bayan faranti an same ta ne a ɗakin gwaji, a ma'aunin zafi 25. A zafin Maris da Afrilu farantin kan yi zafin da hannu ba zai iya daɗewa a kansa ba, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A Kaduna, kilowat 1 na faranti mai tsabta da ke fuskantar kudu kan ba da yunit 4 zuwa 5 a rana mai kyau. Amma muna da lokuta biyu masu karya lissafi: Agusta, lokacin marka, da kuma hunturu. Ka hau rufi a Janairu ka ja yatsa a kan gilashin, za ka iya rubuta sunanka a cikin ƙurar, ga hazo ya riga ya tare rana tun daga sama.

Ga misali, da lambobin da na ƙaddara don a gane. A ce layi mai gida 40, kowane gida da kilowat 3, jimla 120. A rana mai kyau, 120 sau 4.5 ya ba da yunit 540. Idan kowane gida na shan yunit 10, an sha 400, saura 140. Daɗi ke nan. To a ce a marka abin ya sauko zuwa yunit 3 kan kowane kilowat: 360 ke nan, an shiga giɓin 40. Unguwar da ke da rara a Nuwamba tana iya kwana da ƙarar janareto a Agusta. Ni a wurina, watan da ya fi muni shi ne alƙali. Yawancin inbatocin zamani, wato na'urorin da ke juya wutar faranti da batir zuwa wadda gida ke sha, suna ajiye tarihin abin da aka samar, wasu ma a manhajar waya. Ku nemi na shekara guda cur, kada ku yarda da hoton rana ɗaya.

Na huɗu, dare. Rana tana ba da wuta daga hantsi zuwa la'asar, mu kuwa mun fi shan ta daga magariba zuwa sha ɗayan dare. Abin da ya haɗa tsakani shi ne batir, kuma batir yana cin ladarsa: mai ruwa kan cinye kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka zuba masa, na litiyam ƙasa da haka. Sannan mai ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Gwajin ba wuya: ku duba nawa ya rage a batir da asuba, kwana bakwai a jere cikin damina.

Na biyar, kuma shi ne zuciyar maganar: ina rarar take zuwa? Ka tsaya gaban inbata da azahar ka kalli allonta. Batir ya cika ɗari bisa ɗari, sai ka ga lambar wutar da ke saukowa daga rufi ta faɗo daga wat 2,400 zuwa 300, alhali rana na tsakar ka. Inbatar ce ta rage ja, tunda babu inda za ta kai. Kamar ruwan indararo ne bayan randa ta cika. Rarar da ba wanda ya sha, a takarda kawai take.

Saboda haka ku tambaya wa ke shan wutar tsakar rana. Mai ƙanƙara, tela, mai aski, mai cajin waya, injin niƙa, famfon da ke tura ruwa tanki: waɗannan su ne kasuwar rara. Unguwar da ke da masu sana'a a cikinta, irin Tudun Wada ko Rigasa, ta fi rukunin gidajen da kowa ke fita ofis da safe damar cin moriyarta. Amma sayar wa maƙwabta wuta ba a yin sa da ka, kuma ja-in-ja da waya ta kan katanga gobara yake jawowa. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta fitar da ƙa'idar ƙananan tashoshin wuta da ba su wuce megawat 1 ba a 2016, aka sabunta ta a 2023. Idan za a yi amfani da layin Kaduna Electric, sai an ƙulla yarjejeniya tsakanin al'umma, mai kafa tashar da kamfanin. Ku nemi ganin takardar.

Na shida, ku leƙa madafa da garejin mota. Tukunyar gas mai kilo 12.5 tana ɗauke da makamashin da ya kai wajen yunit 160. Ga buhun gawayi, ga fetur ɗin kai yara makaranta, wanda kowace litarsa ke sakin kusan kilo 2.3 na iskar kabon. Unguwar da ba a zuwa kasuwa ko asibiti daga cikinta sai da mota, rararta ta lantarki ce kawai, kuma haka ya kamata a kira ta. Ku dubi bishiyoyi ma. Na sha ganin an sare dalbejiya don kada ta yi wa faranti inuwa, sai ɗaki ya koma tanderu, wutar da aka ƙaru da ita ta tafi wajen sanyaya shi.

Na ƙarshe, shekara biyar masu zuwa. Faranti kan kai shekara 25 yana raguwa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari a shekara, ba shi ne abin damuwa ba. Batir mai ruwa kuwa shekara biyu zuwa biyar ne, na litiyam wajen goma. Akwai asusun da ake tarawa duk wata don canza su? Wa ke riƙe da shi? Akwai mai gyara a kusa, ko sai an kira wani daga Legas? 'Yan haya da masu ɗaki ɗaya suna cikin tsarin, ko manyan gidaje ne ke haske saura na kallo?

Sai mataccen batir, wanda ya kumbura, farin gari ya taru a bakin kawunansa. Dalma ce a ciki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu sanadin sarrafa duwatsun zinare a cikin gidaje. Idan 'yan jari-bola za su fasa batir ɗin a bayan layi, su zubar da ruwansa a kwata, su narka dalmar a fili, to wannan ma ya shiga lissafin unguwar. Kafin ku sa hannu da kowane mai kafa sola, a rubuta a cikin yarjejeniya cewa shi zai karɓi tsofaffin batura, a kuma rubuta inda zai kai su.