Kurakuran masu binne lasifika a bangon falo

Da wuya wata ya wuce ban shiga gidan da aka fasa bango, aka kashe kuɗi, amma mai gida yana cewa sautin bai yi masa ba. Kurakuran kuma ba sa canzawa, har bakina ya gaji.

Na farkon ni ma ya ci kuɗina. Yawancin lasifikun bango an ƙera su ne don irin ginin Amurka, inda bango allon jifsam ne siriri a jikin katako, bayansa fanko. Shi ya sa suke da 'yan ƙafafu a baya, kana ɗaure noti su juya su danne allon. Mu kuwa da bulo muke gini, mai inci 6 ko 9. Ina sabon hannu na sa birkila ya sassaƙe bulo, na zura lasifika, ƙafafun suka rasa abin kamawa, na cusa takardar siminti na shafe da filasta, wai ni mai dabara. Da aka kunna fim sai ramukan bulon suka zama sarewa, ƙarar bindiga tana bin cikin bango tana fita a ɗakin Hajiya, mahaifiyar mai gidan. Kwana uku aka kira ni: "Malam, zo ka kwashe kayanka." Na sake fasawa, kuɗin birkila da mai fenti duk daga aljihuna.

Tun daga ranar ba na binne lasifika sai kafinta ya haɗa mata akwatin katako mai kauri, rufe ruf, da soso a ciki, a kafe shi da siminti, fuskarsa ta zama abin da ƙafafun za su kama. Kuma a duba zurfinta kafin a saya. Da yawansu na neman kusan inci 4, ka ƙara akwati, a bulon inci 6 ka kusa leƙa ɗakin maƙwabci. Idan haka ne, ni na fi son a tsayar da allon jifsam a gaban bangon.

Na biyu ya fi ba ni haushi, don ganganci ne. Uwargida ta ce ba ta son ganin komai a bango, kai kuma don kada aiki ya kuɓuce maka ka kwashe lasifikun gaba uku ka kai silin. Ɗan wasa yana magana a talabijin, muryarsa tana saukowa daga sama kamar ladan! Haba. Na silin aikinsu Dolby Atmos ne, wato tsarin da ke kawo sauti har daga sama, kamar ruwan sama da jirgi mai wucewa. Na hagu da dama su tsaya daidai kunnen wanda ke zaune, wajen mita 1 daga ƙasa, a kusurwar digiri 22 zuwa 30 daga tsakiya in an auna daga kujera. Ta tsakiya, mai ɗaukar magana, ta manne da talabijin, sama ko ƙasa, kuma su ukun su fito daga kamfani ɗaya, samfuri ɗaya. Na gefe su ɗan wuce kujera ta baya, su ɗan ɗara kunne. Ni kafin guduma ta taɓa bango, kwali nake yankawa in liƙa, in zauna a kujerar mai gida in duba da kyau. Kwali ana ɓantare shi, rami ba ya matsawa.

Waya kuwa, a shimfiɗa bututunta kafin filasta, nesa da wayar wuta. Ka kankare bakin wayar lasifikar a shago, in ka ga fari a ciki alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka ajiye, kar ka saya. Kada ka juya jar waya da baƙa a ɗaya daga cikin lasifikun, ƙugin sauti zai zube. Lasifika mai om 4 (om ma'aunin turjiyarta ga lantarki ne), tabbatar amfilifayarka, wato na'urar da ke tura mata sauti, tana ɗauka. Kar ka ɗora wa lasifikar bango nauyin wufa, wato lasifikar ƙugin sauti, ka raba su a 80 Hz, sautin da ke ƙasa da nan ya tafi wufa.

Sai mai fenti. Cire ragar fuskar lasifikar da hannunka kafin ya iso, a fesa ta daban, sama-sama. Na taɓa kwana da allura ina buɗe ramukan raga biyar da aka bi da burushi har shafi biyu.