Darasi na 7: Kuɗin Ƙaramar Hukuma a Takardar Banki

Wannan darasi na mazauna Ingila ne, ɗalibai da ma'aikata da masu haya. Ka ɗauko takardar bayanin asusunka ta wata uku, da takardar haraji da ƙaramar hukuma ta aiko maka a watan Maris, ka ajiye su gefe da gefe.

A takardar banki za ka ga layi mai haruffa DD, da sunan ƙaramar hukumarku, wani lokaci a gajarce, da kalmar COUNCIL TAX. Wannan shi ne harajin gida, wanda aka fara karɓa a 1993. Da shi ake kwashe shara, a gyara tituna, a kula da tsofaffi, wani kaso kuma ya tafi ga 'yan sanda da 'yan kwana-kwana. DD na nufin ka ba da izini a riƙa cirewa kai tsaye. Galibi wanda ke zaune a gidan ne ke biya, ko da haya yake yi.

An kasa gidaje aji takwas, daga A zuwa H, bisa darajarsu a ranar 1 ga Afrilu 1991. Ajin gidanka, wanda da shi ake lissafa yawan abin da za ka biya, yana rubuce a takardar harajin.

Yanzu lissafi. A ce harajin shekara fam 1,800 ne. Bisa al'ada ana raba shi kashi 10, daga Afrilu zuwa Janairu, wato fam 180 kowane wata. Shi ya sa ba ka ganin an cire komai a Fabrairu da Maris, kada ka ɗauka mantuwa aka yi. In ka nemi a raba 12, zai zama fam 150. Duba adadin da ranar cirewa da lambar asusun harajinka, su yi daidai a takardun biyu.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne rangwame, domin ba a ba ka sai ka nema. Baligi mai zama shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin ɗari, 1,800 ya koma 1,350. Gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci ba ya biyan ko sisi, amma sai sun kai shaidar makaranta. In miji ɗalibi ne, mata na aiki, ba a ƙirga shi, su ma suna da rangwamen kashi 25.

In an cire ba daidai ba, ko sau biyu, faɗa wa bankinka, ƙa'idar DD ta wajabta ya mayar maka nan take. Amma soke izinin cirewa ba ya goge bashi. Wanda ya tsallake wata, za a aiko masa takardar tuni cewa ya biya cikin kwana 7. Ya yi biris, sai a nemi kuɗin shekara gaba ɗaya, daga nan kotun majistare, a ƙara masa kuɗin shari'a. Wanda ya tashi daga gida bai sanar ba, za a ci gaba da cire masa.

Ba duk layi mai sunan hukumar ne haraji ba. Yana iya zama tarar ajiye mota, wadda akan rage rabi in an biya cikin kwana 14, ko kuɗin kwashe ciyawar lambu.

Aiki: harajin shekara fam 2,000 ne, mai gidan ita kaɗai take zaune. Nawa za a cire mata kowane wata in an raba 10?