Idan Mura Mai Zazzaɓi ta Ɓarke a Ɗakunan Kwanan Ɗalibai: Kurakuran da Aka Fi Yi

Da hunturu ya kama, ɗakin da aka gina don mutum huɗu yakan kwana da takwas ko goma, tagogi a rufe, wasu har an toshe su da kwali saboda ƙura. A irin wannan ɗaki, mura mai zazzaɓi da likitoci ke kira infuluwenza ba ta shan wahalar zagaye kowa. Sau da yawa kuma matakan da makaranta ta ɗauka da niyyar gyara su ne ke buɗe mata hanya.

Daga asibitin makaranta ake fara yin kuskure. Ɗalibi ya zo da zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, sai a miƙa masa maganin maleriya ba gwaji, ya koma ɗaki. Bayan kwana biyu, abokan kwanansa uku sun iso da irin kukansa. Gwajin jini na gaggawa bai wuce minti 20 ba, a yi shi. A kuma tambaya: akwai tari? Maƙogwaro na ciwo? Wa kuma ke kwance a ɗakinku? Ko gwaji ya nuna maleriya, mutum na iya ɗauke da duka biyun. Kowane mai tari da zazzaɓi a rubuta sunansa da lambar ɗakinsa da ranar da ciwon ya fara, ba ranar da ya zo asibiti ba. Wannan takarda ce za ta nuna ɓangaren da cutar ta kama.

Kada kuma a jera mai tari a benci ɗaya da mai ciwon haƙori. Tun daga ƙofa a ba shi takunkumi, ya jira a baranda.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne "ka tafi gida ka huta". Mai infuluwenza yana yaɗa ta tun kwana ɗaya kafin alamu su bayyana, har zuwa kwana 5 zuwa 7. Idan aka sallame shi, zai shafe sa'o'i a cushe cikin motar haya, sannan ya sauka a gidan da ke da tsohuwa ko mai ciki ko jariri. Barinsa a ɗakinsa ma ba gyara ba ne. A ware ɗaki mai tagogi biyu da ke fuskantar juna, tazarar aƙalla mita ɗaya tsakanin gadaje, da bayan gida nasa daban. Inda aka fi yin sakaci kuwa shi ne hidima. Ɗakin killacewa da babu abinci, babu ruwa, babu wurin cajin waya, ba mai yarda ya shige shi. Ɗalibai za su riƙa haɗiye farasitamol suna ɓoye zazzaɓi. Haka ma idan babu sanarwa a rubuce cewa wanda aka killace zai sake zama jarrabawar da ta wuce shi, to da tarinsa zai shiga zaure. Ana fita ne bayan an yi sa'o'i 24 ba zazzaɓi ba tare da shan maganin saukar da shi ba, sannan a ci gaba da sa takunkumi na kwana biyar.

Feshin magani a harabar makaranta asarar kuɗi ce kawai. Cutar ta fi bin numfashi a wurin da iska ba ta gudu, don haka a buɗe tagogi ko da ana sanyi, a ƙara bargo. Mariƙin ƙofa da kan famfo ya isa a goge su da ruwan bilic: idan mai ƙarfin kashi 3.5 ne, awo ɗaya cikin awo 34 na ruwa, a haɗa sabo kullum.

Maganin antibayotik ba ya taɓa bairos, ƙwayar da ke kawo infuluwenza, don haka ba a shan sa sai dai idan likita ya ga ciwon huhu ya biyo baya. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a rana ga babba, kuma yawancin magungunan mura na kemis akwai shi a ciki, sai mutum ya ninka bai sani ba. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin. Masu asma da sikila da ciwon suga da masu ciki su ga likita a ranar farko, domin maganin infuluwenza mai suna oseltamivir ya fi aiki cikin sa'o'i 48 da fara ciwo. Numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko zazzaɓin da ya lafa ya dawo da ƙarfi, duk na babban asibiti ne nan take.

Sannan ba kowane tari da zazzaɓi ne mura ba. Wuya ya ƙage, a yi tunanin sanƙarau. Farin abu ya manne a maƙogwaro, wuya ya kumbura, a tuna da mashaƙo, wanda ya addabi Kano tun ƙarshen 2022. Idanu suka yi ja, ƙuraje suka feso daga fuska zuwa jiki, ƙila ƙyanda ce, kuma ita ƙa'idarta daban: ƙwayarta na daɗewa har sa'o'i biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita, tana kama tara cikin goma na marasa rigakafi da suka kusance shi. Mutum ɗaya mai alamun ƙyanda ya isa a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ko a kira hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, a 6232. Abokan ɗakin da ba su da rigakafi a yi musu allura cikin sa'o'i 72, a kuma bibiye su har kwana 21.