Babi na 9: Kallon dabbobi da tsuntsaye, da rubuta abin da ido ya gani

Darasi na 1

Iyayena da yayyena sannunku da ƙoƙari. Kowa ya buɗe kaye, sabon shafi, ban ce a ci gaba a ƙasan lissafin jiya ba, shafi fari tas wanda ba komai a kai. A ajiye bik tukuna, karatu za mu fara. A ɗora yatsa ƙarƙashin kalmar farko, daga hagu ake farawa a tafi dama, in an ga ɗigo a tsaya a ja numfashi.

A ƙasar Afirka ta Kudu akwai wani ƙaramin gari sunansa Sen Lusiya. Yana bakin tekun Indiya, arewa da birnin Durban. Gefe ɗaya teku ne da rairayi. Ɗaya gefen tafki ne da fadama. Garin yana jikin gandun dajin iSimangaliso. A 1999 hukumar UNESCO ta sa gandun cikin wuraren gado na duniya. Akwai dorina da kada da kwasakwasa. Da dare dorina takan fito daga ruwa ta shiga cikin gari tana cin ciyawa. Baƙi suna zuwa daga nesa, su biya kuɗi, su shiga jirgin ruwa su yi kallo. Ba sa harbi. Ba sa kamawa.

A sake karantawa, wannan karon da ƙarfi. Wanda ya tsaya a iSimangaliso kar ya damu, a yanka ta gaɓa gaɓa, i-si-man-ga-li-so, shi ke nan ta fito.

Na san tambayar da ke bakinku don kowane aji sai wani dattijo ya yi ta, malam to in ba a kamawa ba a ci mene ne amfanin zuwa. Baba amfanin yana wajen mai jirgin da mai masauki da mai abinci da yaron da ke yi wa baƙi jagora, dorinar da aka bari da rai gobe ma za a biya a kalle ta. Sannan akwai masu ƙirga dabbobin su rubuta, da rubutun nan ne ake gane ko bana sun ƙaru ko sun ragu, kuma wannan aikin ne za mu koya, don ba sai mun je Sen Lusiya ba. Ga tafkin Madarumfa nan kusa da mu, wanda aka sa shi cikin jerin Ramsar a 2019, Ramsar ɗin wata yarjejeniya ce ta kare fadamu da tafkuna da ƙasashe suka sa wa hannu a 1971 a wani gari na Iran mai wannan suna. Wanda ba shi da kuɗin mota ga Gulbi nan a ƙasan gari, da tabkunan da damina ke bari a unguwa.

Kuma shamuwar nan da ke sauka kan itatuwanmu in damina ta ƙarato har manoma su fara gyaran gona, in ta tashi bayan damina gabashi da kudancin Afirka take tafiya, can lokacin ne suke samun nasu ruwan, muna cikin ɗari su suna cikin zafi da damina.

Darasi na 2

Yanzu a ɗauki bik. A ja layi uku daga sama zuwa ƙasa, daga sama zuwa ƙasa na ce, ba kwance ba. In ka ja layi uku shafinka ya rabu gida huɗu, ƙirga su da yatsa ka gani. A saman gidan farko rubuta RANA, na biyu WURI, na uku SUNA, na huɗu ADADI. Adadi shi ne guda nawa ka gani.

Rana da wuri da suna ba sa ba ku wahala, na lura. Ka rubuta 14/11 wato 14 ga wata na 11, Nuwamba ke nan, ka rubuta Gulbi, ka rubuta balbela. Madalla. Gidan ADADI ne inda aji ke faɗuwa, don haka nan za mu daɗe kuma kar wanda ya gaji da ni.

Ka ga balbela goma sha biyu. Bakinka ya ce goma, hannunka ya yi sauri ya rubuta 10, bakinka ya ce biyu, hannunka ya ƙara 2, sai ga 102 a kaye. Wannan ɗari da biyu ne. Ka ga tsuntsu goma sha biyu ka rubuta ɗari da biyu, wanda zai karanta kayenka ya zaci Gulbi ta cika da balbela. Goma sha biyu lamba biyu ce kacal, 1 da 2, wato 12. Ku ɗauka kamar gida ne mai ɗaki biyu, ɗakin hagu na gomomi, ɗakin dama na ɗai-ɗai, sifili yana zaune a ɗakin dama ne kawai in ba kowa, da zarar biyu ta zo sai ya tashi ya ba ta wuri.

Mu gwada. Goma cif: 10. Goma sha ɗaya: 11. Goma sha biyu: 12. Kowa ya rubuta 12 sau biyar. Inna na ga naki, ya yi kyau, sai dai 2 ɗin ta juya baya, kanta hagu ya kamata ya kalla, a sake, ba komai hannu ne bai saba ba.

Kirinjijiya ashirin da biyar. Tsaya kar ka rubuta tukuna. Gomomi nawa ne a ashirin? Biyu. Sa 2 a hagu. Ɗai-ɗai nawa? Biyar. Sa 5 a dama. 25. Ba 205 ba. In ka duba ka ga lamba uku a jere alhali bakinka bai ce ɗari ba, to akwai kuskure, goge sifilin tsakiya. Ku maimaita bayana: in ban ce ɗari ba, lamba biyu ce. A sake. In ban ce ɗari ba, lamba biyu ce.

Sai wata matsalar ta ƴan kasuwa, ku da kuka fi ni iya lissafi da ka. A kasuwa in an ce ashirin kun san dala ashirin ce, sefa 100, sai hannu ya tafi ya rubuta 100. Tsuntsu ba da dala ake ƙirga shi ba Alhaji. Zalɓe ashirin 20 ne, zalɓe goma 10 ne ba 50 ba. A bar lissafin kasuwa a kasuwa har a tashi aji.

A rubuta waɗannan da lamba, kowa shi kaɗai, ban da leƙen na kusa: dinya goma sha bakwai, shamuwa talatin da ɗaya, balbela arba'in, kirinjijiya sittin da tara, zalɓe goma sha huɗu.

Amsa: 17, 31, 40, 69, 14.

Wanda ya samu 107 ko 301 ya koma sama inda aka ce mu gwada ya sake daga nan. Kuma gaskiya zan faɗa muku ko da ba daɗi, wasunku ba rashin ganewa ba ne, rashin buɗe kaye ne a gida, mutum ya tashi aji ya cusa kaye ƙarƙashin katifa sai ranar dawowa ya zo yana cewa kai ya tsufa. Kan da ke riƙe bashin mutum talatin ba tare da takarda ba bai tsufa ba. Minti goma bayan sallar isha'i ya isa, ko wayar da ke hannunku ku duba yadda lambobi ke jere a kai. Ni ba zan iya riƙe hannun kowa ba, mu yi wa juna adalci.

To a sake ɗaya don Allah. Goma sha biyar. Lamba nawa? Biyu. 15.

Darasi na 3

Yadda ake zama a bakin ruwa. A je da sassafe bayan asuba ko da la'asar sakaliya, tsakar rana tsuntsaye sun lafe. A sa rana a bayanka don in tana gabanka baƙi kawai za ka gani. A zauna, a kashe ƙarar waya, ban da nuni da hannu da ƙarfi, ban da jifa don su tashi a ƙirga, in sun tashi ba mai iya ƙirga su. A fara daga hagu zuwa dama, in suna da yawa a ƙirga goma goma, kowace goma a ja ɗan layi a gefen shafi, a ƙarshe a haɗa. Layi uku da saura huɗu 34 ne, ba 304 ba, kun ga ta sake dawowa.

Tsuntsun da ba ka san sunansa ba kar ka ƙirƙira masa, rubuta kalarsa da tsawon ƙafa da baki, fari mai dogon wuya, ya wadatar, masunta za su gaya maka sunan. Abin da ka gani yau za ka rubuta, ba abin da ka saba gani ba. In ba ka ga komai ba rubuta 0.

Masu zuwa yamma wajen Ayoru a kogin Isa, wato Kwara, can akwai dorina. Ba a shiga tsakaninta da ruwa, ba a matsawa kusa don hoto, tana da gudu fiye da yadda jikinta ya nuna.

Darasi na 4

Karatu. A rairayin iSimangaliso manyan kunkurun teku suna fitowa da dare daga watan Nuwamba. Uwar tana haƙa rami da ƙafafun baya. Tana zuba ƙwai wajen 100 ta rufe ta koma ruwa. Bayan wajen wata 2 ƴaƴan suna fitowa su nufi teku. Haske suke bi, shi ya sa ba a haska musu tocila, sai su ɓata hanya.

Tambaya: ƙwai nawa? A nan an ce ɗari, don haka lamba uku ce. Wata nawa? A rubuta amsa a kaye.

Darasi na 5

Aikin gida. A je bakin ruwa mafi kusa, a cika layi biyar na jadawalin, rana, wuri, suna, adadi. A duba gidan adadi kafin a rufe. A zo da kaye ranar Laraba, wanda bai yi ba ya zo da shi haka nan mu yi tare.