Masu neman tsohon Doctor Dolittle

Jama'a, in za ku sauke wa yara fim ɗin likitan nan mai jin maganar dabbobi, ku haɗa da 1967 a wajen rubuta sunan.

In ba haka ba, na 2020 ko na Eddie Murphy na 1998 ne zai fara fito muku. Ni ma sai da data ta ta ƙone kafin na gane.

Na 1967 shi ne mai waƙoƙi, wanda Rex Harrison ya fito a likitan, aku ta koya masa harshen dabbobi.

Sai dai wasu shafukan ƙarya suke a shekarar. Ku duba tsawonsa tukuna: kusan awa biyu da rabi ne. Ƙananan yara ba sa jurewa, ku raba musu kwana biyu.