Kai yara wuraren wasa na Dubai da Abu Dhabi: yadda ake shiryawa, da wanda bai kamata ya je ba tukuna

Tambayar da iyaye suka fi yi in aka zo maganar nan ita ce, wai kuɗin da wahalar da cunkoson nan duk sun cancanta kuwa, ko kawai hoto ake zuwa ɗauka? Ni dai amsata eh, sun cancanta, amma sai in an dace da abu uku: shekarun yaran, lokacin da aka je, da kuma cewa kuɗin naka ne ba bashi ka ciwo ba. In ɗaya ya kuskure a cikin ukun nan to wallahi gara a haƙura a jira wata shekarar, don wurin ba guduwa zai yi ba.

Na ɗauki Dubai da Abu Dhabi ne saboda can mutanenmu suka fi zuwa, tafiyar ba ta kai nisan Amurka ba, abinci halal ne ba sai kana ta tambaya ba, kuma akwai ɗakin sallah a cikin wuraren wasan kansu, wanda duk mai iyali ya san wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Fara da yaran, kafin ma ka duba kuɗin jirgi. Ka samo abin awo ka auna tsayin kowane yaro a jikin bango ka rubuta. Dalili kuwa, a can ba shekaru ake tambaya a bakin lilo ba, tsayi ake aunawa, akwai sanda a kafe a ƙofar kowane wasa, in yaro bai kai ba to bai kai ba, ba roƙo ba magiya ba "ai saura kaɗan", ma'aikacin ba zai ɗaga ƙafa ba kuma gaskiyarsa ne don maganar rai ce. Manyan wasannin galibi suna neman daga santimita 120 zuwa 140. Kowane wuri ya jera wannan a shafinsa na intanet, wasa bayan wasa, sai ka ɗauki awon yaranka ka gwada ka ga guda nawa kowa zai iya hawa. Babu abin da ya kai ciwo kamar a biya wa yaro tikiti mai tsada ya wuni yana kallon yayyensa suna hawa shi yana riƙe da jaka yana kuka. A ganina daga shekara shida zuwa sha huɗu nan ne abin ya fi armashi, sun kai tsayi, suna iya tafiya da ƙafarsu, kuma za su tuna. Ɗan shekara biyu kam ba abin da zai riƙe, uwarsa ce kawai za ta sha goyo.

Sannan ka gwada su a gida tukuna. In kuna kusa da Abuja a kai su Magicland, wanda da ake kira Wonderland, ko duk wani wurin lilo da ke garinku, a ga wa ke jin daɗi wa ke rufe ido yana salati yana neman a sauke shi. Wani yaron a baki jarumi ne, yana hawa sau ɗaya shikenan an gama da shi. Gara ka san haka da kuɗi kaɗan.

Toh sai zaɓen wuri, kuma nan mutane suke yin kuskuren son su ga komai. A Abu Dhabi akwai tsibirin Yas, wurare huɗu ne kusa da juna: Ferrari World da aka buɗe a 2010, Yas Waterworld na wasan ruwa, Warner Bros. World na 2018, sai SeaWorld da ya zo a 2023. A Dubai akwai IMG Worlds of Adventure, sai can wajen gari ta hanyar Abu Dhabi akwai Dubai Parks and Resorts inda Motiongate da Legoland suke. Legoland don ƙanana aka yi shi, daga shekara biyu zuwa sha biyu, in ka kai saurayi ɗan sha shida can zai gundura kafin azahar. Ferrari World kuma na masu ƙarfin zuciya ne, can ne ake da Formula Rossa, jirgin nan mai gudu a kan dogo da yake kai kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, har tabarau ake ba mutum ya sa saboda iska da ƙura kar su shiga ido. In yaranka shekarunsu a haɗe suke, manya da ƙanana, ni Warner Bros. World zan ce ka fara da shi, kowa zai samu nasa, kuma duk a rufe yake cikin sanyin esi. Masu tambayar Disney kuwa, a watan Mayun 2025 aka sanar za a gina shi a Yas ɗin, sanarwa ce, gini irin wannan yana ɗaukar shekaru, kar wani ejan ya ce zai sayar maka da tikitinsa.

Ƙa'idata wuri ɗaya a rana ɗaya, kuma kar a jera kwana uku ana yi ba hutu. Wuri biyu ko uku a duk tafiyar ya isa.

Yanzu maganar lokaci, wadda ita ce ta fi komai wuya gare mu. Dogon hutun makaranta a Najeriya yana faɗowa ne ƙarshen Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da zafin can yake wuce digiri 40, ga gumi mai danƙo saboda teku, irin wanda ko mu da muka saba da zafin Afrilu sai mun ji a jikinmu, kana fita daga mota tabarau ɗinka ya yi hazo. Hutun Disamba kuma yanayi ya yi daɗi amma duniya ce gaba ɗaya take zuwa, Turawa sun gudo wa sanyi, Indiyawa, Larabawan maƙwabta, makarantun ƙasar su ma suna hutu, cikowa kamar Kantin Kwari ana jibi Sallah, wasan minti biyu sai ka yi masa layin awa ɗaya ko fiye, otal ya yi tsada jirgi ya yi tsada. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Nuwamba, ko ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, amma a lokacin yara suna makaranta, ni kuma ba zan ba kowa shawarar ya cire yaro daga aji don lilo ba.

Mafita da na fi yarda da ita ga mai 'yan makaranta: a je a dogon hutun, amma a tsara tafiyar kan wuraren da suke a rufe. Warner Bros., SeaWorld, IMG duk a cikin gini suke, Ferrari World ma akasarinsa haka, sai 'yan wasannin da dogonsu ya fita waje. Otal yana sauka sosai a lokacin zafi, layi ma ya fi sauƙi. Abin da za ku rasa shi ne Motiongate da Legoland da rana tsaka ba za su yi daɗi ba, sannan Global Village, babbar kasuwar baje koli da wasanni ta Dubai, a rufe take, ita daga Oktoba zuwa wajen Afrilu ko Mayu take ci. In kuma dole sai Disamba, to a yi ƙoƙari a je farkon hutun kafin makon Kirsimeti, a kuma guji 2 ga Disamba da kwanakin da ke kewaye da ita, ranar ƙasarsu ce ana hutu. A kula kuma, tun farkon 2022 hutun ƙarshen makonsu ya koma Asabar da Lahadi, Juma'a rabin rana, don haka Litinin zuwa Alhamis ne ranakun shiga, Asabar a bar ta don kasuwa ko hutawa a ɗaki. In tafiyar ta faɗo cikin azumi a duba lokutan buɗewa don suna canzawa, kodayake ni ban ga amfanin kai kai wurin lilo da baki a bushe ba.

Biza kafin komai. An dakatar da ba 'yan Najeriya bizar Daular Larabawa a 2022, aka dawo da ita a Yulin 2024, kuma sharuɗɗan suna yawan sauyawa, saboda haka kar ka yanki tikitin wurin wasa ko ka biya otal ɗin da ba a mayar da kuɗi sai biza ta fito a hannu, ta kowa da kowa har jariri. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida, katin rigakafin shawara shi ma a tafi da shi. Jirgi kuwa ba sai an gangara Legas ba, daga Kano ko Abuja ana bi ta Addis Ababa ko Alƙahira ko Doha, amma mai tafiya da yara ya duba awa nawa za a zauna a tsakiya, arhar da za ta sa ku kwana a kujerar filin jirgi da yara huɗu ba arha ba ce.

Lissafin kuɗi a yi shi a takarda, a gaban uwargida, kowa ya gani. Dirhami a ɗaure yake da dala, kusan 3.67 a dala ɗaya, don haka duk motsin da naira ta yi kai zai shafa. Tikitin babban wuri na rana ɗaya yana kamawa daga dirhami 300 zuwa sama. A misali mu ce 350, ku shida ne, dirhami 2,100 kenan, kusan dala 570, a rana ɗaya fa, ba a ci ba ba a sha ba ba a hau tasi ba. Shi ya sa tikitin haɗaka yake da muhimmanci, a Yas ana sayar da na wuri biyu ko uku ko huɗu a tare kuma kuɗin kowane ɗaya yana sauka sosai, wasu otal ɗin tsibirin ma suna haɗa tikiti a cikin kuɗin ɗaki, a tambaya kafin a kama. A saya ta intanet a shafin wurin, ya fi sauƙin kuɗi kan na bakin ƙofa kuma an tsallake layi ɗaya. Ƙananan yara sosai galibi kyauta suke shiga. Daga Dubai zuwa Yas tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, in wurare biyu za ku yi a can gara ku kwana a can ɗin maimakon zirga-zirga.

Akwai kuma tikitin tsallake layi, a yawancin wuraren Yas Quick Pass suke ce masa, ƙarin kuɗi ne mai kauri a kan kowane mutum. Kar a saya tun daga gida. A shiga tukuna a ga yanayin layin, in ranar Talata ce a lokacin zafi ba ka buƙatarsa, in kuma Disamba ce kuma rana ɗaya tal gare ku to nan kam yana biyan kuɗinsa, a saya wa masu hawa manyan wasannin kaɗai, ba sai an saya wa Hajiya da za ta zauna da jika ba.

Ranar shiga, a karya da kyau a otal, a isa ƙofa kamar minti talatin kafin a buɗe. Ana buɗewa kar a tsaya hoto a bakin ƙofa inda kowa yake tsayawa, hoton yana nan har yamma, a miƙe kai tsaye zuwa wasan da ya fi farin jini, awar farkon nan za ku hau abin da da rana sai ya ci muku awa uku. Tun ana gobe za a je da daddare kowane yaro ya faɗi abu biyu da ya fi so, a tabbatar an yi su, sauran duk riba ce. Abincin rana a ci da wuri kafin sha biyu da rabi ko a jinkirta zuwa bayan biyu, a haɗa da sallah da ɗan zama a huta. Abinci a ciki yana da tsada kuma yawanci ba sa bari a shiga da na waje, ana duba jaka a ƙofa, sai na jarirai da na masu lalura.

Sutura ma abin dubawa ce. Babbar riga da hula a bar su a otal, takalmi ya zama kambas don za a yi tafiyar kilomitoci ba tare da an sani ba. Mata su sa hijabi mai kama fuska ko ɗankwalin da aka ɗaure tamau, mayafi mai yawo hatsari ne a kan lilo mai gudu kuma za a iya hana ki hawa da shi. A wurin wasan ruwa ana yarda da kayan ninƙaya masu rufe jiki, Yas Waterworld ma tana ware lokuta na mata zalla, a duba ranar a daidaita tafiyar da ita in hakan ya fi muku kwanciyar hankali. Waya da makulli a sa a loka, fawa banki kuma kar a manta da shi don tikitin a waya yake.

Allunan gargaɗin da ke bakin kowane wasa dan Allah a ɗauke su da gaske. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon baya ko wuya, mai juna biyu, kar ya hau don yara sun matsa ko don kar a ce ya ji tsoro. Haka yaron da ya ce ba ya so, kar a tilasta masa saboda an riga an biya.

Ɓatan yaro kuwa a cikin daƙiƙa yake faruwa, ka juya biyan kuɗin ruwa ka waigo babu shi. Kullum da safe a ɗauki hoton kowane yaro da kayan da ke jikinsa, a rubuta lambar waya mai aiki a can a takarda a sa masa a aljihu ko a rubuta a hannunsa, ana shiga a nuna musu irin rigar ma'aikata a ce in ba ka gan mu ba wannan za ka je wa, kar ka fita ƙofa ko da wa. A raba yaran tsakanin manya da suna, wane naka ne wance taki ce, don "ai na ɗauka yana wajenki" ita ce take jawo tashin hankali.

Kusan kowane babban wasa in an sauko ta cikin shago ake fitowa, an jera 'yar tsana da riguna daidai tsayin idon yaro, da gangan aka yi haka. A gaya musu tun a gida cewa tsaraba ɗaya ce kowa, kuma sai za a fita da yamma za a saya, hakan ya rage rigima ya kuma hana ku yawo da ledoji duk wuni. Ranar ƙarshe kafin jirgi kar a sa wurin wasa, a bar ta don haɗa kaya da awon akwati, yara su yi barci sosai kafin doguwar tafiyar komawa.